Ranar da Na Riƙe Sandar Makiyayi

Akwai wata safiyar Asabar a Keffi da nake jin ko tsufa ya kwashe mini duk abin da na sani, ita ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce na zo na ƙarshe a tseren gudu, aka sa sunana can ƙasan sakamako kowa ya gani, kuma har yau ban samu matsayin da na fi alfahari da shi ba.

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, kuma ni irin ɗaliban nan ne da daga aji sai laburare, daga laburare sai ɗaki. Magana tana yi mini nauyi. Ko kanti za ni, tun a hanya nake shirya abin da zan faɗa. Ciwon baya ne ya kai ni wurin likita, ya ce zaman ya yi yawa, in nemi motsa jiki. Haka na faɗa cikin wata ƙungiyar masu gudu da ke haɗuwa duk Asabar bayan sallar Asuba. Babu ɗan wasan gaske a cikinsu. Ma'aikata ne masu zuwa Abuja aiki, da 'yan kasuwa, da malaman makaranta, da wata nas da kowa ke kira Sista. Saboda tabarau da shiruna suka laƙaba mini Farfesa.

Ƙungiyar tana da wata al'ada da wani Bafulatani mai shagon maganin dabbobi ya kawo. Duk ranar tsere ana ba mutum ɗaya sandar kiwo, a kira shi makiyayi. Aikinsa ya tsaya a bayan kowa. Ba ya wuce mutum ko da rarrafe yake yi, kuma shi ke da ikon kiran mota idan wani ya kasa. Ba a rufe tsere, ba a raba lambobin yabo, sai sandar ta tsallake igiyar ƙarshe. Ba mai son aikin, domin makiyayi ne na ƙarshe a sakamakon da ake turawa guruf ɗinmu na waya, a yini ana yi masa tsiya. Ni kuwa da aka tambayi wanda zai riƙe ta a babban tserenmu na kilomita goma, sai na ɗaga hannu, don na lissafa cewa a baya ba mai yi mini magana. Ashe lissafin bai yi daidai ba.

Dattijon ƙungiyar, wanda muke kira Baba, tsohon direba ne mai gida a unguwar Jigwada. Shekarun baya shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ya daɗe yana dogara sanda, sannan a hankali ya jingine ta, ya fara tattaki, har ya kai ga 'yar sassarfa yana jan ƙafar hagu. Matarsa Hajiya ta rasu, daga shi sai 'yan haya a gidan. Babban ɗansa, wanda ke aiki a Abuja, ya matsa sai ya koma wurinsa da zama. Suka yi ta jan maganar har Baba ya yanke ta da kansa: idan ya gama tseren nan da ƙafafunsa, ba sanda ba hannun kowa, a bar shi a gidansa, idan ya kasa, zai haɗa kayansa ba gardama. Ɗan ya yarda, don a zatonsa ko rabi ba zai kai ba. Duk ƙungiyar ta san da wannan alkawari.

Da safen, kafin a busa usur, Sista ta ja ni gefe. Ta ce ta auna jininsa, lafiya lau, amma in sa ido. Abin da ta fi tsoro shi ne harshensa ya yi nauyi ko bakinsa ya karkace, kuma ba yadda zan gane sai in yana magana.

"Saboda haka, Farfesa, yau za ka yi surutu," in ji ta. "Kar ka bar shi ya yi shiru. Ka ji maganarsa ta canza, kira ni, kar ka ji nauyin kowa."

Na ji kamar in miƙa mata sandar in koma laburare.

An sha ruwa kafin gari ya waye, titin Gitata ya wanku, gonakin doya da masara na gefe sun yi shar. Tsarin shi ne a miƙe titin har wata kwana, a juyo, a ƙare a filin makarantar firamare inda aka tashi. Ba a jima ba jama'a suka ɓace mana. Ya rage daga Baba, sai ni a bayansa da sanda, sai motar ɗansa tana bin mu a hankali da fitilun gargaɗi a kunne.

Na daɗe ina juya tambayar farko a raina, da ta fito kuma sai ta fito a karkace. Na ce, "Baba, ya gajiya?"

"Tun yanzu? Bari mu gaji tukuna, Farfesa."

Kunya ta rufe ni. Amma maganar Sista tana kunnena, sai na daure na tambaye shi ko ya taɓa tuƙi a titin nan. Ashe ƙofar ke nan. Ya ba ni labarin lokacin da hanyar take jar ƙasa, yana ɗauko doya daga Panda, motar ta kafe a taɓo su kwana biyu suna ci daga cikin kayan. Ya ce ta wannan hanyar ya ɗauko amaryarsa a gaban babbar mota, ta yi ta amai har Keffi, ta rantse ba za ta sake shiga motarsa ba, kuma ta cika rantsuwar sai ranar da naƙuda ta kama ta. Ya faɗa mini bishiyoyin mangwaron da ta shuka a tsakar gida, da masallacin ƙofar gida inda sahun gaba ya san kafaɗarsa, da mai shayin da ke aiko masa da kofi ba sai ya tambaya ba. Da kunne ɗaya nake jin labarin, ɗayan yana auna nauyin harshensa. Ban san sanda na daina shirya tambayoyi ba, suka fara fitowa da kansu.

Na gaba suka fara juyowa suna wuce mu, kowa yana jefo masa gaisuwa, wani da Hausa, wani da Turancin buroka. Kusa da kwanar muka haɗu da wasu mata masu nono, ƙwarya a ka, za su kasuwa. Babbar cikinsu ta dubi sandata ta ce, "Makiyayi, ina sauran garken?"

Kafin in samo amsa Baba ya ce, "Sun yi gaba, Inna. Tsohon sa aka bar masa." Suka wuce suna dariya, suna yi masa addu'a.

A dawowa ne abin ya canza. Rana ta fito da ƙarfinta na bayan ruwa, sassarfar ta koma tafiya, amsoshinsa suka gajarce. A wani hawa da ke bayan kwalbati ya tsaya cak, ya dafa gwiwoyinsa, ya yi shiru. Na ji an buɗe ƙofar mota. Ɗansa ya fito cikin farar shadda da takalmi sau-ciki, ya ce ya isa haka, kowa ya ga ƙoƙarinsa, ya zo ya shiga mota. Baba bai ɗago ba. Sai ɗan ya juyo kaina.

"Kai, ba shi sandar nan ya dogara."

Na san abin da hakan ke nufi, Baba ma ya sani. Yana taɓa ta, alkawari ya faɗi, gidan Jigwada ya tafi. Na ga idonsa a kan sandar, na ga yatsunsa sun motsa a kan gwiwa. Ni da ban taɓa iya ce wa ko mai acaɓa a'a ba, sai na mayar da ita bayana na riƙe da hannu biyu.

"Yallaɓai, bai nema ba," na ce.

"In ya faɗi a nan kai za ka ɗauke shi? Wancan karon ni na tsince shi a tsakar gida. Ka san yadda na same shi?"

Da na ɗaga kai sai na ga idanunsa sun kawo ruwa. A nan na gane mutumin nan tsoro ne ke cin sa, ba son cin galaba a kan mahaifinsa ba. Na faɗa masa abin da Sista ta ce, na roƙe shi ya bar ni in yi tambaya ɗaya. Idan maganar ta canza, ni da kaina zan sa shi a mota in kira ta. Ya ɗan matsa gefe. Na durƙusa daidai fuskar Baba.

"Baba, mangwaron da Hajiya ta shuka, wanne ya fi zaƙi?"

Har na fara laluben wayata don in kira Sista. Can ya ɗago, ya dube ni, ya dubi ɗansa.

"Na bakin rijiya," in ji shi, kowace kalma tangaran. "A kansa wannan ya karya hannu yana yaro, garin satar na uwarsa."

Dariya ta kuɓuce wa ɗan, ya sa hannun riga ya goge fuska. Baba ya nemi ruwa ya sha, ya zuba saura a ka, ya miƙe ya ɗaga ƙafar hagun nan. Ɗan ya tsaya yana kallonsa, sannan ya koma ya gyara fakin a gefen titi, ya kulle motar, ya dawo ya jera da shi. Abin da na fi tunawa shi ne hannuwansa. Ya haɗa su a baya ya damƙe ɗaya da ɗaya, don kar su kai ga mahaifinsa ba da saninsa ba. Haka muka ƙarasa, shi hannu a baya, ni sanda a baya, Baba yana ba mu labarin yadda aka ɗaure karayar.

Da muka shigo filin makarantar, ba wanda ya tafi. Suna zaune a inuwar darbejiya, gumi ya daɗe da bushewa, lambobin yabo suna kan tebur a rufe da ƙyalle. Aka miƙe, aka sake jan igiyar. Ɗan ya ja gefe tunda ba ya cikin tseren, Baba ya tsallake shi kaɗai. Na jira ya yi nisa kaɗan, sannan na bi da sandar, aka busa usur.

Bayan an ba na ɗaya a maza da ta ɗaya a mata nasu, Sista ta miƙa wa ɗan lambar Baba ta ce shi ya dace ya rataya masa. Yana ratayawa Baba ya dafa aljihu ya ce, "Makullin gidana dai yana nan."

"Ya zauna a nan, Baba," in ji ɗan. "Amma duk Asabar za ka gan ni."

Da la'asar aka turo sakamako a guruf, da hotunan masu lambobi, sunana yana can ƙasa kamar yadda al'ada ta tanada. Ana cikin taya juna murna sai ga saƙon murya daga Baba: "A shaida wa 'ya'yana ban zo na ƙarshe ba. Na wuce ɗan jami'a, Farfesa guda." Aka yini ana yi mini tsiya, ni kuwa ina ɗaki ina maimaita saƙon ina dariya ni kaɗai.

Ɗan ya cika alkawari, har ya sayi kambas ya shiga cikinmu. Baba ya zauna a gidansa har Allah ya karɓi abinsa bayan wasu shekaru, daga ƙofar masallacin nan aka ɗauke shi. Duk shekarar da ya yi a raye bayan tseren, sai ya aiko mini da mangwaron bakin rijiya a leda.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, wanda kake ƙauna ba kullum hannunka yake bukata ba. Wani lokaci abin da zai riƙe shi shi ne ka tsaya kusa, ka saurare shi da kyau, ka danne hannunka har sai ya nema. Na kuma koyi cewa baki mai nauyi irin nawa ma yana buɗewa, idan akwai wanda shirunka zai iya cutarwa.