Jan Fenti a Katangar Ya Kaltum

Cikin duk shekarun da na yi a ofishin tsara birane, akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba. Wata Talata ce cikin watan Fabrairu, ranar da 'yar sakandare ta gyara mini aikina a gaban ubanta. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ku saurara da kyau.

Ga wanda bai san yadda muke yi ba: idan mutanen unguwa suka kawo kukan ruwa yana shiga gidajensu, darakta yakan tura jami'i da taswira da tef ɗin awo. Jami'in ya duba inda taswira ta ce hanyar ruwa take, duk ginin da ya hau kanta ya shafa masa jan fenti. Daga nan a ba mai gini takarda, in wa'adi ya cika katafila ta zo. Kuma da rani muke wannan fita, don da damina motarmu ba ta iya shiga lunguna. Wato muna neman hanyar ruwa a lokacin da babu ko ɗigonsa. Ni babban jami'i ne a lokacin, kuma ban taɓa ganin abin dariya a wannan tsari ba.

Ranar Litinin na shafa fenti a katangar wata tsohuwa a unguwar Galtimari, Ya Kaltum mai ƙosai. Ta wanke ni tas da Kanuri. Washegari da na koma kai mata takarda, sai maƙwabcinta ya kira ni zaurensa. Sunansa Alhaji Modu, yana da shagon atamfa a Kasuwar Litinin.

"Wushe, Malam Bukar," ya gaishe ni da Kanuri. "Jiya na ji abin da aka yi maka. Taimako nake so. 'Yata Yagana za ta cike fom ɗin jarrabawar shiga jami'a, ran Juma'a za a rufe. Ni na ce ta karanta kasuwanci, ita ce babba, ga shago yana jiranta. Ita kuma wai sai irin aikinku. Don Allah gaya mata gaskiyar abin da ke ciki."

Ban yi musu ba, don zagin Ya Kaltum bai gama fita daga kunnena ba. Aka kira yarinyar, ta durƙusa ta gaishe ni, riƙe da wani tsohon littafin rubutu. Na shiga yi mata wa'azi. Na ce aikinmu ba yabo sai tsinuwa, ka tsara titi yau gobe ka tarar an dasa masa shago a tsakiya. Na ce mai karatun kasuwanci kuwa ko bai sami aikin gwamnati ba yana da abin yi, balle ita da ta tarar da shago a tsaye. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau ban janye ko ɗaya ba. Alhaji sai gyaɗa kai yake.

Da na gama, ta ce mini, "Baba, na ji. Amma ina da tambaya. Me ya sa kuka shafa fenti a gidan Ya Kaltum?"

Na ce taswira ce ta nuna.

"Ai ruwa ba ya bi ta nan da kansa, Baba. Tura shi ake yi."

Ta buɗe littafin. Zanen lungunsu ne da biro, gida bayan gida, da kibiyoyi suna nuna inda ruwa yake bi. Damina uku tana yi, in ji ta, tun shekarar da ruwa ya jiƙa mata littattafai. Na so in yi dariya, amma kibiyoyin sun fi taswirata ma'ana. Na ce ta nuna mini a ƙasa.

Muka fita mu uku. Ba ta dubi ƙasa ba, katangu take dubawa. Kun san tabon da ruwa yake bari a jikin bulo idan ya kwanta? Shi ta riƙa bi da yatsa. A bakin lungu iya idon sawu yake, muna tafiya yana hawa, har ya kai gwiwa. A inda ya fi tsawo kuwa, wani ɗaki ne na bulo ya tokare kwanar lungun. Ruwan yana zuwa ya daki ɗakin, ya juya ya faɗa gidan Ya Kaltum. Taswirata ta girmi ɗakin, ba ta san da shi ba.

Na ce, "Wannan ɗaki na waye?"

Yagana ta dubi ubanta, ta sunkuyar da kai, sannan a hankali ta ce, "Na Babana ne. Nan yake ajiye dilolin atamfa."

Wallahi tausayinta ya kama ni. Kwana uku ya rage a rufe fom, yardar mutumin nan take nema, ga shi ta nuna wa hukuma ɗakinsa da yatsanta. Alhaji ya gyara hularsa ya koma gida, ko sallama bai yi mini ba. Na ce a raina, shi ke nan, na jawo wa yarinya.

Na ari littafin Yagana, na koma ofis na shaida wa darakta. Ya ce, "Malam Bukar, kana nufin 'yar makaranta ta fi taswirar gwamnati?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ita tana nan da damina, mu ba ma nan." Ya daɗe yana juya littafin, sannan ya ce in soke takardar tsohuwar in rubuta wa Alhaji tasa.

Ranar Juma'a da safe na tafi da takardar. Tun daga bakin lungu na ji ƙarar guduma. Alhaji ne tsaye, magina biyu suna sauke ɗakin, an jera diloli a ƙofar gida. Na miƙa masa takardar ya ƙi karɓa.

"Riƙe abinka, ba sai katafila ta zo ta tara mini jama'a ba," in ji shi. "Yagana ta tafi shagon kwamfuta, na ce ta sa abin da take so."

Na ce, "To shagon fa, Alhaji?"

"Malam Bukar, yarinyar da ta nuna wa hukuma ɗakin ubanta, in na zaunar da ita a shago, ai ita za ta riƙa gaya wa masu saye wace atamfa ce take zuba. Ku ɗauke ta, can ta fi amfani." Yana faɗa yana dariya, amma idonsa ya kawo ruwa.

Ni da kaina na sayi farar ƙasa na shafe jan fentin Ya Kaltum. Ba ta gode mini ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya ke nan. Kafin ka buɗe gwangwanin fenti, dubi katanga, ka tambayi wanda ya kwana a lungun da damina. Kuma idan yaro ya zo neman shawara tsakanin kasuwanci da wannan aiki, kada ka auna masa da gajiyarka kamar yadda na yi. Tambaye shi abin da yake lura da shi ba tare da an sa shi ba. Yagana ta gama karatunta, tana aiki yanzu. Littafin nan kuwa na roƙe ta ta bar mini, yana cikin durowata, kuma tun daga ranar ban sake shafa wa kowa fenti da rani ba sai na ga tabon ruwa da idona.