Yayana da Kibodinsa

Yayana ya rubuta ƙaramar manhajar rubutu, yana raba ta kyauta. Wata rana matarsa, mai aikin fassara, ta sayo kibod ɗin kwamfuta na gwanjo wanda harafin Z ke zaune a gurbin W. Ta danna Ctrl da Z don ta dawo da layin da ta goge, sai shafin ya rufe ɗungurungum.

Ta ce, "Baban yara, manhajarka ta cinye min aiki."

Da ya duba, ashe gurbin maɓalli manhajar ke bi, ba harafin ba, sai ta ɗauka Ctrl da W aka danna, wato umarnin rufe shafi. Ya gyara. Tun daga nan yake sayen kibod iri-iri yana gwadawa, har sun cika mata rabin kabad ɗin kwanuka.