Waken da Ya Jira Shari'ar Baba

Ni ba mai fita ba ce. Kasuwar Illela da mutane ke zuwa daga ko'ina, ni sai in shekara ban leƙa ta ba. Amma Allah Ya ba ni kunne, kuma madafata a jikin bangon zaure take, don haka duk abin da maza suka tattauna a gidanmu, ko ban nema ba sai ya tarar da ni ina tuƙa tuwo.

Maigidana wake yake saye. Da kaka yakan bi ƙauyukan Araba da Tozai da Lafani, ya auna, ya ɗinke buhu, ya jibge a siton da ke manne da gidanmu, sai bazara ya fitar. Har rajista ya yi wa sana'ar, ta zama kamfani mai takarda da hatimi, ko da yake kamfanin dai shi ne da ƙanensa da tsohuwar mota.

Shekarar da nake ba ku labari, an gama jibge waken ke nan sai ma'aikatan gwamnati suka zo da hantsi suka ɗana wa siton kwaɗo, suka shafa jan fenti a ƙofa. Ba namu kaɗai ba, duk wani siton hatsi da ke kusa da iyaka. Wai ana zargin ana tara abinci don a ƙetarar da shi Nijar. Abin da ya tsaya mini a rai, ba a riga an sa wa waken magani ba. Duk macen da ta taɓa ajiye ko kwano guda ta san ƙwari ba sa jiran izini.

Masu sito suka ɗauki lauya daga Sakkwato, kowane kamfani ya shigar da ƙararsa. Wata Asabar bayan la'asar lauyan ya tara su a zaurenmu. Na rage wuta, na bar daka.

"Alƙali ya ce tambayarku ɗaya ce," in ji shi. "Shin gwamnati na da ikon rufe sito kan zargi kawai? Ba zai saurari baki da yawa kan magana ɗaya ba. Ku zaɓi ƙara guda ta shiga gaba, a jingine sauran. Hukuncin da ta samu shi ne naku duka, kuma za ku sa hannu kun yarda."

"Ashe sallar jam'i ta," wani mai albasa da gero, sarkin barkwanci, ya ce. "In liman ya yi rafkanwa, kowa ya bi shi sujada."

Aka yi dariya. Sai wani daga bakin ƙofa ya ce, "To ai liman ba a neman shi. Ga Baba nan zaune."

Baba shi ne dattijon da ya koya musu fatauci kusan dukansu. Maigidana a bayan motarsa ya girma, kuma shi ya karɓa masa aurena. Sai dai siton Baba a wajen gari yake, kan hanyar Ƙonni ta Nijar, kuma ranar da aka zo rufewa an tarar da babbar mota cike da buhuna a ƙofarsa, kanta ya dubi arewa. Babu wanda bai sani ba a zauren nan.

Lauya ya yi gyaran murya. "Da son samu ne, a sa ƙarar da babu ƙura a jikinta ko kaɗan. Siton mai gidan nan cikin gari yake, manoman da ya saya wurinsu suna nan da ransu, ba a kama masa mota ba."

Ba abin da nake ji sai ƙas, ƙas, na carbin Baba. Bai ce a sa shi ba, bai ce kada a sa shi ba. Na tsaya da muciya a hannu ina roƙon Allah Ya sa maigidana ya yi shiru kawai, shirun ma ya isa.

"Ni in shiga gaban Baba?" na ji muryarsa. "Mi za a ce da ni cikin garin ga? Lauya, rubuta Baba."

Lauyan ya sake bayani, a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Suka ce sun ji, sun gode. Na ji ƙarar biro yana zagayawa hannu zuwa hannu.

Da maigidana ya shigo cin abinci na ce, "Alhaji, in zan duba ko wake ya nuna, ƙwaya ɗaya nike latsawa, gaskiya ne. Amma ba ni ɗauko wadda ta maƙale a bakin tukunya."

"Hajiya, ke da ba ki san ƙofar kotu ba."

"Awo, haka ne. Na dai san ƙofar sito."

Ya ture kwanon, ya ce miyar ta yi gishiri. Ba ta yi ba.

Daga nan sai jira. Ya tafi Sakkwato, ya dawo, an ɗage. Ya sake tafiya, an sake ɗagewa. Yakan ce mini a bencin baya suke zama, shi da sauran, ko sunan kamfaninsa ba a kira. Lauyan gwamnati kuwa ba ya maganar komai sai motar nan: ina ta nufa, wa ya loda ta, me ya sa kanta ke arewa. Duk tambayar da aka yi wa Baba sai ya ce shi dai tun kafin a haifi mai tambayar yake bin hanyar nan.

Ni na fara jin ƙwarin. Da azahar, in yara sun tafi makarantar allo gida ya yi shiru, in na jingina da bangon sito sai in ji wani ɗan sauti siriri, kamar ana yayyafa rairayi a kan faifai. Da farko na ce kunnena ne. Da zafi ya shigo sautin ya cika bangon, tun daga ƙasa har inda hannuna ke kaiwa. Sannan suka fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, baƙaƙe, ƙanana, su hau randa, su faɗa cikin kunu. Wani wari ya biyo su, mai ɗumi, irin na tsohon rumbu.

Na kira maigidana na ce ya sa kunne. Ya ƙi. Ya ce shi ba ya jin komai. Amma na lura ya daina shimfiɗa tabarmarsa ta wannan gefen.

Ranar hukunci tun daga yadda ya rufe ƙofar mota na sani. Alƙali ya ce motar ta nuna gwamnati na da dalilin zargi, rufewar tana kan doka. Aka gama da ta Baba, sai magatakarda ya karanto sunayen sauran kamfanonin a jere, kowanne aka ce hukuncinsa ke nan. A nan ne kaɗai aka ambaci namu a kotun.

"Ba a ɗaukaka ƙara?" na tambaya, don na ji kalmar a rediyo.

"Lauya ya ce ta Baba ce za a ɗaukaka, mu biyo baya."

"To?"

"Baba ya ce ya bar wa Allah."

Sai da damina ta kusa sauka aka zo aka cire kwaɗon. Maigidana ya ɗaga buhun farko, ya taso masa sakayau, gari na zuba ta ɗinkin. Ma'aikatan suka toshe hanci suka koma mota. Da kansa ya share siton, bai bar kowa ya taɓa tsintsiyar ba. Washegari ya sa hula ya tafi gaida Baba, kamar kowace safiya.

Bana an ce wani sabon umarni ya fito, kan motocin kaya. Jiya bayan la'asar maza suka sake cika zaurenmu, har da lauya. Na rage wuta. Ban ji muryar maigidana ba tukuna, amma na ji carbin Baba.