Wanda Ke Ɗauko Benci

Akwai wani wasan barkwanci da wata ƙaramar tashar talbijin ke nunawa duk ranar Laraba, tsakanin la'asar da magariba. Labarin abokai biyar ne da ke zama a kan benci ɗaya a ƙofar wani shago. Ba soyayya a ciki, ba waƙa, ba a harbin kowa. Zama suke yi su yi ta gardama har a kira salla. Ban san namiji ko ɗaya a Dutsin-Ma da ke kallonsa ba, kuma dalilin a fili yake: lokacin da ake nuna shi duk muna waje, kan namu bencin, muna gardama.

Ni ban taɓa ganinsa ba, amma hakan bai hana ni yanke masa hukunci ba. Na sha faɗa wa matata cewa shirme ne, mutum mai hankali ba zai ɓata yammacinsa yana kallon ƙatti zaune ba su tsinana komai ba. Ina gama faɗa sai in ɗauki hulata in tafi majalisa.

Tunkiya ce ta sa na kalle shi. A sashen noma na sakatariyar Kurfi nake aiki, kullum ina zuwa a kan babur in dawo. Wata rana ta faɗo mini hanya, na kauce mata, ita ta wuce lafiya lau, ni na tashi da karaya a ƙauri. Mai ɗori ya ce kwana arba'in kada in taka. Aka shimfiɗa mini katifa a falo, gaban talbijin, inda ba ni da hanyar gudu.

'Yan majalisarmu sun zo dubiya rana ta biyu, su uku a tare. Suka yi mini sannu, suka yi gardama a kan ko laifin tunkiyar ne ko nawa, suka tafi. Ban sake ganinsu ba. Ban ji haushi sosai ba, don da ɗayansu ne ya karye, haka zan yi.

Larabar farko na juya wa talbijin baya. Ta biyu na juyo. A wannan makon rana ce ta cimma abokan a kan benci, kowa na jiran wani ya fara tashi a matsa inuwa. Mai shagon ya ce shi ba ya jin zafi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wani mai gilashi ya shiga yi musu bayanin yadda rana ke tafiya, yana gyara wa kowa magana. Sai wani siriri da ba ya cika magana ya miƙe, ya ce su ɗan ɗaga, ya ja bencin shi kaɗai zuwa inuwa. Suka zauna, mai gilashi ya ce ai ba nan ya kamata a ajiye ba. Na yi dariya har ƙafar ta amsa.

Matata da ƙanwarta da ke zaune tare da mu suka kalli juna.

Na ce, "Wannan mai gilashin dai ba shi da kunya."

Ƙanwar ta toshe baki da mayafi. Matata ta ce, "Malam, ai mu duk unguwar nan da sunanka muke kiran shi."

"Da sunana? Mi na yi?"

"Ba ka yi komi ba. Shi ma ba ya yin komi."

Ashe shekara da shekaru matan unguwa sun raba mu. Kowane ɗan majalisarmu akwai nasa a cikin akwatin, kuma duk Laraba suna kallonmu ba tare da sun leƙa waje ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Na ce kamannin gilashi ne kawai, na kuma yi mata bayani mai tsawo a kan haka.

Ban tambayi wane ne siririn ba, don na sani. Muna da shi. Mai gyaran injin ban-ruwa ne, shekara goma sha ɗaya shi ke fito da bencinmu daga zauren mai kemis bayan la'asar, shi ke mai da shi da magariba. Ni na laƙaba masa Sarkin Benci, sunan kuma ya bi shi. Idan majalisa ta yi sanyi, kansa nake komawa a yi dariya, shi ma ya yi murmushi. Da mahaifiyarsa ta tsufa ya koma Kurfi ya zauna da ita. Bayan tafiyarsa bencin ya riƙa kwana a waje, damina ɗaya ta cinye shi, muka taru muka zagi kafinta.

Shekara biyu yana Kurfi, ni kuma kullum ina Kurfi, ban taɓa taka gidansa ba. Shi kuwa da ya ji na karye, sai ga shi da rake da man shafawa. Mako na zagayowa ya sake zuwa. Ba ya daɗewa, ba ya kuma yawan magana. Zai gyara mini matashin da ke ƙarƙashin ƙafar ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi, Malam," ya fita neman mota.

A Laraba ta biyar aka nuna wanda ya hana ni dariya. Siririn bai zo majalisa ba. Abokan huɗu suka tsaya cirko-cirko a ƙofar shago, ba benci, suna ta kushe shi. Can wani ya ce a je gidansa a gani ko lafiya. Ashe babu wanda ya san gidan. Mai gilashi ya ce shi ya sani, ya ja su lungu-lungu yana bayani, har suka ɓulla bayan shagon da suka baro. Matata da ƙanwarta har da hawaye don dariya. Ni kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don na san idan namu Sarkin Bencin ya daina zuwa, ba ni da inda zan neme shi.

Mako na shida bai zo ba.

Ranar da na koma aiki da sanda, ana tashi na shiga gari. A bakin kasuwa na tambayi wani mai faci gidan Sarkin Benci. Ya ce bai san shi ba. Na tambayi mahauci, shi ma haka. Sai da na ce siriri ne, mai gyaran injin ban-ruwa, sannan mahaucin ya ajiye wuƙa.

"Au, Malam kake nuhi? Wanda ke jan mu salla in liman bai nan? Ai tsohuwarshi ce ta rasu, yau kwana tara. Halan ba ka ji ba?"

Na ce ban ji ba. Ni da ke gyara wa kowa labari.

Na same shi a ƙofar gida. Ya taso da sauri yana yi mini faɗan taka ƙafa, kamar ni ne abin tausayi. Na yi masa gaisuwa, muka yi addu'a. Na so in ce ya yafe mini. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kana kallon wasan nan na Laraba?"

Ya yi murmushi. "Tsohuwa ce ke son shi. Takan ce ga ni can, ga ka can."

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yanzu nake cewa ya kalla, ko sau ɗaya, ko da zai rasa majalisar yini guda. Har yau ban samu wanda ya kalla ba. Suna cewa shirme ne, kuma a bakina suka fara ji.

Ran nan dai, a ƙofar gidansa, rana ta matso inda muke tsaye. Ya ce in jira ya ɗauko abin zama, ya shiga zaure. Na bi shi, na jingina sandar da bango, na kama ɗaya gefen bencin.

"Bar shi, Malam, ƙahwarka."

Ban saki ba. Muka fito da shi tare, ina ɗingishi. Ashe yana da nauyi.