Ranar da Na Sa Ɗan Malam Haladu Ya Durƙusa wa Waya

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Haladu makwancinsa a Gwaram. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni sunana Sale, dillalin hatsi ne a kasuwar Sara. Tare muka shiga firamare da marigayi. Shi ya wuce har ya zama malamin kwaleji, ni kuwa na tsaya a aji shida, na ce kasuwa ce ke kirana, alhali lalaci ne kawai. Ban iya rubutun jarida ba, amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, mai ita kuma ba ya nan balle in je in same shi.

Abin da ya fi damun Malam a aikinsa ba karatun ɗalibai ba ne. Yakan ce yaranmu sun iya karatu, bakinsu ne a ɗaure. Mun raine su a kan kada su kalli babba a ido, kada su yabi kansu. Sai yaro ya gama difloma da sakamako mai kyau, ya tafi intabiyu Kano, ya cire takalmi a bakin ofis, ya tsuguna a gefen kujerar da aka ajiye masa. A ce masa me ka iya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai sai abin da kuka gani, ranka ya daɗe." Su kuwa ba abin da suka gani sai tsakiyar hularsa.

Saboda haka duk hutu Malam yakan tara ɗaliban kwaleji na Gwaram da Fagam da Zandam a zauren gidan da yake haya a Birnin Kudu, a yi gwajin intabiyu. Ni ne manaja. Ya ce ya zaɓe ni ne saboda ina da tumbi da muryar tsorata yara. Sai in sha babbar riga in hakimce a kujera, ɗalibi ya shigo, Malam na gefe yana gyara masa: zauna, ɗago kai, faɗi abin da ka iya a fili. Yakan ce musu gaisuwa a zaune ma gaisuwa ce, durƙuso a bar shi sai an koma gida.

Gaskiya na ji daɗin kujerar nan fiye da kima. Idan yaro ya manta ya tsuguna, nakan bar shi ya ɗan jima kafin in ce ya tashi. Har tambayoyin da ba a sa ni ba nake ƙarawa, irin su ɗan gidan wane ne kai. Malam yakan harare ni ya ce, "Sale, manaja na ce ka zama, ba hakimi ba."

Yaro ɗaya ne bai taɓa zama a gabana ba: Auwalu, ɗan farin Malam. Duk bokon Malam, kunyar ɗan fari ba ta sake shi ba. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan". Idan Auwalu ya shigo zaure, nan take Malam zai sami abin dubawa a jikin azara. Mutumin da ya kwance bakin 'ya'yan jama'a, ya kasa yin hira da nasa. Da na tsokane shi sai ya ce, "Wancan naka ne, Sale. In lokacinsa ya yi, kai za ka zaunar da shi." Na bugi ƙirji na ce an gama. Lokacin yaron yana sakandare.

Da Malam ya rasu aka rufe zaure, iyalinsa suka koma Gwaram. Auwalu ya shiga kwaleji yana karanta aikin gona. Duk hutu nakan ce sai hutu mai zuwa. Da kaka in ce kasuwa ta cika, da damina in ce hanya ta ɓaci, da azumi in ce baki ya bushe. Nakan aika musu da dawa, in ji a raina na sauke nauyi.

Bara ya gama. Wani kamfanin sayen riɗi a Kano ya nemi malaman gona da za su riƙa zagaya ƙauyuka, aka kira Auwalu intabiyu. Shi ne babba, mahaifiyarsa da ƙannensa duk shi suka zuba wa ido. Sai aka ce ba sai ya je ba, ta kiran bidiyo za a yi. Ina ma Malam ya ga wannan zamani, da manaja yake shigowa cikin waya har shagon hatsi. Na san zai yi murna an huta da wahalar mota. Na kuma san zai ce waya ce ta canza, bakin yaranmu yana nan yadda ya bar shi.

A shagona aka yi, don nan sabis ya fi ƙarfi. Muka jingina wayar a kan buhunan dawa, Auwalu ya zauna a kujera. Ni ma na sha babbar riga, ba tare da an gayyace ni ba. Mutum uku suka bayyana, mace ɗaya, na tsakiya dattijo ne mai farin gemu. Auwalu ya ce, "Barkanku da safiya," yana zaune daram. Da na ga furfurar nan, duk abin da na ji a zauren Malam ya fice daga kaina. Na zungure shi da ƙafa na ce, "Kai, ba ka ga sa'an kakanka ba ne? Durƙusa mana!"

Yaro mai biyayya, ya sauka ƙasa. Mutanen Kano suka ga kujera ba kowa.

Dattijon ya ce, "Auwalu, kana jin mu?"

"Ina ji, ranka ya daɗe."

"To ina kake?"

"Ina ƙasa."

Tunda ba wanda ya ce ya tashi, daga can ya ci gaba da amsawa, ana jin murya ba a ganin mai ita. Na ga abu zai lalace, sai na cusa fuskata a wayar na gaishe su, na tambayi iyali da damina, na fara ba su tarihin ubansa. Matar ta ce, "Baba, kai ne mai neman aikin?" Daga nan waya ta yi ɗif.

Auwalu ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya ce, "Allah Ya huta gajiya, Baba." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Allah Ya rufa asiri, dattijon ya sake kira. Ya ce sun yi dariya har da hawaye, suna son ganin wannan mai muryar ido da ido, ya zo Kano. A 'yan kwanakin da suka rage na yi abin da na yi shekaru ina gudu. Na zaunar da shi a bayan shago, wannan karon ba riga ba hakimcewa. Da farko ƙasa yake kallo. Sai na tambaye shi yadda manomi zai gane lokacin yankan riɗi kafin ya fashe ya zube. Ya fara a hankali, ya ɗago kai, ya manta da ni, har da nuni da hannu. Ashe yaron nan cike yake, ba a dai taɓa buɗe shi ba.

Ran tafiya na raka shi tasha a Birnin Kudu, na ce bari in bi shi ko zan yi wani amfani. Ya dube ni tsakiyar ido ya ce, "Baba, don girman Allah ka zauna." Direba da fasinjoji suka fashe da dariya. Ban taɓa jin daɗin kora ba sai ranar.

An ɗauke shi. Yanzu yana zagaya Fagam da Zandam a kan babur, dattawa suna zaune yana tsaye yana yi musu bayani, in ya gama ya durƙusa ya yi musu sallama.

Malam bai bar gida a Birnin Kudu ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari su ne mutanen da suke tare ni a kasuwa, wannan malamin asibiti, wannan malamar makaranta, su ce, "Manaja, ka gane ni?" Abin da ya bar mini ni kaɗai kuwa na kusa tozarta shi, ina roƙon Allah Ya yafe mini. Ran nan na tsaya a bayan taron manoma a Zandam ina sauraron Auwalu, sai na juya baya don kada a ga idona. Malam bai taɓa jin ɗansa yana magana a gaban jama'a ba. Ni na ji, kuma muryar tasa ce sak.