Dawar da Labbo Ya Ƙi Turewa

Kafin in fara, ya kamata in faɗa cewa ban amince da ƙwaƙwalwata gaba ɗaya ba. An yi makonni da dawowarmu, kuma abin da na rubuta a hanya ba shi da yawa, domin a wasu wuraren kunya ta hana ni fito da biro a gaban dattawa. Mai yiwuwa na sa maganar wani a bakin wani. Inda nake da tabbaci zan faɗa, inda ba ni da shi zan nuna.

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, mu uku, a tsohuwar motar ofishin ƙungiyar ƙwadago. Akwai babban jami'in ƙungiya, wanda ya daɗe yana zaman sulhu da masu kamfani. Akwai wakilin jam'iyyarmu ta talakawa, wanda ya tsaya takara a zaɓen da ya wuce bai ci ba. Sai ni, da aka ɗauka bayan na gama jami'a don rubuta rahoto. Maganar wani mutum ce ta fitar da mu, sunansa Labbo, direban katafila a aikin baje filayen noman rani na madatsar Bakolori. Ɗan kwangilar da yake yi wa aiki ya sallame shi, wai an ce ya baje wata gona bai baje ba. An sa ranar sauraron ƙorafinsa, kuma rahotona za a karanta a wurin. Labbo yana da iyali da tsohuwar uwa, ba shi da wata sana'a sai tuƙi.

Hanya ba ta da laifi, sai dai manyan motocin siminti da ba sa kauce wa kowa. Abokan tafiyata tun daga bakin gari suke gardamar abin da ya kayar da mu a zaɓe. Jami'in ya ce jam'iyya ta cika surutu. Ɗan takarar ya ce ma'aikata ne suka yi tafi a taro, suka je akwati suka yi wani abu dabam. A Tureta muka tsaya karyawa, mai ƙosai ta naɗe mana a takardar kamfen ɗin jam'iyyarmu, mai ya jiƙe alkawuran duka. Ɗan takarar ya duba ya ce to, ko ba komai takardar ta yi wa talaka amfani. Ina jin wannan ce dariyar ƙarshe da muka yi a tafiyar.

Mun shiga Talata Mafara ranar kasuwa. Garin ya cika da baƙi, ana jin yare iri-iri a tasha. Fura da nono sun yi tsada, rake da dankali da aka san fadamar nan da su sun yi ƙaranci, masu sayarwa suna cewa tun da aka tare gulbi ƙasa ba ta samun ruwan da ta saba. Da azahar muka je inda ma'aikata ke hutawa. Sun karɓe mu da kyau, wani direba mai fara'a ma ya saya mana tuwo. Amma da aka ambaci Labbo sai kowa ya ce ranar da abin ya faru shi yana can wani sashe. Na fahimci, ko da yake ba wanda ya faɗa a fili, cewa tun bayan zaɓe reshen ƙungiyar ya rabu. Waɗanda suka bi jam'iyyar da ta ci suna ganin ƙungiya ta zama rumfar jam'iyyarmu, kuma zuwanmu tare da ɗan takara bai gyara wannan zato ba.

Wani makaniki ya ja jami'in gefe ya ce idan ana so, shi zai shaida cewa injin ne ya mutu. Jami'in ya yi mani bayani a mota. A ƙa'idar aiki, ƙin bin umarni laifin kora ne, lalacewar inji kuwa ba laifin direba ba ne. Idan rahoto ya ce inji, Labbo zai koma aiki. Ɗan takarar ya ce sam. Mutum ya tsaya wa manoma, a ce wai inji ya mutu? Shi so yake a kai Labbo taro a nuna wa jama'a ma'aikaci da manomi uwa ɗaya suke. Ni dai na ce a bari mu ji daga waɗanda suka gani.

Washegari muka nufi Bakura, daga nan muka gangara wani ƙauye kusa da Damri. Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. An baje ta kamar tabarma, babu ɗorawa, babu tsamiya, babu gambar da ke raba gona da gona. Magudanan siminti sun miƙe babu ruwa a ciki tukuna. Wani ya nuna mani da hannu ya ce gonarsu tana wajen can, sai kuma ya sake nuna wani wajen.

Mai gonar dattijo ne, Malam Bawa. An shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gidansa, muka daɗe ana gaisuwa, aka tambayi gajiya da iyali da mutanen Sakkwato, aka kawo hoce, wato wainar dawa, da ruwa. Da mutanen gidan suka ji don Labbo muka zo, sai aka aika aka tara maza. Kowa yana son a rubuta tasa.

Jami'in ya fara a hankali. "Baba, ko dai injin ne ya samu matsala a bakin gonar?"

"Wane inji?" in ji Malam Bawa. "Lahiya lau yake, muna jin rurinai tun daga gida. Yaron ga da kainai ya kashe shi. Ya sauko ya kama kan dawa ya duba, ya ce mani, Baba, kwana nawa ya rage? Na ce goma. Ya ce to ba da hannuna ba."

Sauran suka ɗauka, kowa yana ƙarawa. Wani ya ce ya ga shugaban aiki yana yi wa Labbo tsawa ya ƙi hawa katafilar. Wani ya ce zai rantse ko a gaban alƙali. Suna yi ne don su taimake shi, kuma kowace kalma tana ƙara tabbatar da laifin da aka kore shi a kai. Jami'in ya taka mani ƙafa in daina rubutu. Malam Bawa ya lura biro ya tsaya, ya ce, "Malam, rubuta mana. Ka rubuta da kyau, manya su san akwai ɗan halak cikin masu katafila." Na ci gaba da rubutu. Ya sa na karanta masa, ya gyara mani wuri guda.

A cikin maganarsa ya ce, "Ai da ma an ce muna za a bari sai mun yanke." Na rubuta wannan a gefen shafi. Ban tambaye shi wa ya faɗa ba, ko yaushe, ko a gaban wa. Hankalina yana kan ƙafata da aka taka.

Gonar dai ba ta tsira ba. Washegarin ranar da Labbo ya ƙi aka turo wani direba ya baje ta. Daga yadda suka kwatanta shi, ina zaton wanda ya saya mana tuwo ne a Mafara, amma ba zan rantse ba, kuma ba na ganin laifinsa fiye da nawa. Mutanen sun bi bayan katafila sun tsince abin da suka iya. A cikin wannan suka ɗaure dami guda, suka sa a bayan motarmu, suka ce a kai wa Labbo.

A rana ta uku muka isa Maradun. Mun tsaya mun kalli ruwan madatsar. Yana da girma da kyau, ba zan ɓoye ba, sai dai ana hango kawunan itatuwa a tsakiya, kuma wanda ya raka mu yana kiran sunayen garuruwa yana nuna ruwa. Waɗanda aka tayar daga garuruwan da ruwa ya cinye an zaunar da su a kan tudu mai tsakuwa. A can muka sami Labbo a gidan surukinsa, yana taya shi yaɓen katanga. Mutum ne siriri, mara yawan magana.

Jami'in ya kawo maganar inji. Labbo ya ce, "Yallaɓai, in anka ba ni Alƙur'ani fa?" Jami'in ya ce ba lalle a kai ga haka ba. Labbo ya ce, "To ko ba a kai ba."

Ɗan takarar ya gyara zama ya fara yabonsa, ya ce talakawa za su san sunansa. Labbo ya yi murmushi. "Alhaji, ka yi haƙuri, ni ko ƙuri'a ban jefa muku ba. Ba don siyasa na yi ba. Na ga dawa ta yi kai ta sunkuya, irin wadda babana ke nomawa. Na sa giya, ƙafata ta ƙiya. Shi ke nan. In anka maishe ni gobe anka ce in ture wata, wataƙila in ture. Ina da ɗiya."

Sai na tambaye shi me yake so in rubuta. Ya dube ni ya ce, "Kai ka yi karatu, Malam. Rubuta abin da zai maishe ni aiki, amma kada ka yi mani ƙarya."

Muka sauke masa damin. Ya zare kai ɗaya ya murza a tafin hannu ya hura. 'Yan ƙwayoyi ne suka rage, sauran duk ƙaiƙayi. Ya ce a gaida Malam Bawa, ya kira matarsa ta shiga da shi.

A hanyar dawowa babu mai gardamar zaɓe. Mun shiga Sakkwato kafin magariba, kowa ya kama gabansa. Na yi kwana uku a kan rahoton. Na ji tsoron yin ƙarya, na ji tsoron gaskiyar da za ta cuce shi, sai na rubuta abin da na iya: wasu sun ce kaza, wasu sun ce kaza, ba a tabbatar ba. Ranar zaman, shugaban kwamitin sauraron ƙorafin ya karanta, ya ajiye, ya yi wa Labbo tambaya ɗaya, ko injin yana aiki. Labbo ya ce yana aiki. Ba a mayar da shi ba. Jam'iyya ma ba ta yi taron ba. An ce shugabanni suna da saɓani a tsakaninsu, kuma ina jin maganar ƙuri'ar da Labbo bai jefa mana ba ta kai kunnensu.

Abin da tafiyar ta koya mani ba mai daɗi ba ne. Mu uku muka je, ɗaya yana neman inji da ya mutu, ɗaya yana neman gwarzo, ni ina neman yadda zan fita ba laifina. Ba wanda ya tambaya ko umarnin kansa daidai ne. Sai bayan an gama na koma littafina na ga layin nan a gefen shafi. Idan da gaske an yi wa manoma alkawarin jira har girbi, to ba Labbo ne ya saɓa ba, wanda ya ba shi umarni ne. Jami'in ya ce mai yiwuwa wannan ya isa a sake duba maganar, idan an sami wanda zai tsaya a kai. Bai ba ni tabbaci ba, ni ma ba zan ba kowa ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya san wannan al'amari, ma'aikaci ne ko manomi, kowace jam'iyya ya zaɓa, ya aiko wa ofishin ƙungiya da gyaran duk inda na yi kuskure. Musamman wanda yake wurin ranar da aka ce za a bari sai an yanke: wa ya faɗa, a gaban wa. Ko a aiko da baki, zan zo da kaina in rubuta, kuma wannan karon zan yi tambaya. Labarin ƙarshe da na samu, katangar surukin an gama ta, Labbo yana zaune.