Kawuna Illa da Bidon Maganin Kaɗa

Shekara bakwai ke nan da anka rufe Kawu Illa a Madawa. Ni ba mai ilimi ba ce, baƙin da ni ke rubutawa a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, don haka masu karatu ku yi mani haƙuri. Amma bana na ji ba ni iya yin shiru.

Ƙanen innata ne. Aikinshi duba ruwa ne, hukumar Tawa ta sa shi. Shina da mobilet, wato ƙaramin babur, da akwatin katako cike da buteli na ɗiban ruwa, shina zagaya ƙasar Madawa da Buza har Keita. Ya ɗebi ruwan rijiya, ya ɗebi na tabki, ya leƙa bayan mahauta da wurin majema da gidan gurzar kaɗa, wato auduga, ya ga inda ruwan wankinsu ke gangarawa. Butelan nan Yamai a ke aika su. Mu dai mun ɗauke shi mutum mai aikin banza, tunda ruwa kowa na da ido da baki na gane shi.

Lokacin ana noman kaɗa sosai a ƙauyenmu, kusa da Karofan. Maganin ƙwarin da a ke ba manoma cikin bido ya ke zuwa, wato jarka, mai murhi mai kyau, ba ya yoyo. In ya ƙare mata su wanke shi da toka da tsamiya, ya zama na ruwa. Muna son shi ƙwarai, don mun lura ruwan randa in ya kwana biyu sai ka ga ƴan tsutsotsi na wutsil-wutsil, na bido kuwa ko ɗaya. Ƙuda ma ba ya sauka bakinshi. Sai munka ce ai shi ne mai tsabta.

Da za a kai ni ɗaki, innata ta sa mani guda biyu cikin kaya, har da hwantekar da ta yi masu ado. Ina da tsohon ciki Kawu ya biyo gaishe ni. Na ɗebo mashi ruwa daga bido, ya kai baki, ya aje. Ya ce in juye sauran, in kai bidon rana. Munka zauna shina ba ni labarin hanya, ya tsokani maigidana cewa ya rame tun da ya hwara cin tuwona. Can ya ce in buɗe in sunsuna. Warin ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa.

"Ɗiyata," ya ce, "abin da ya hana tsutsa rayuwa ciki, mi ki ke zato za ya yi ma hanjin jariri?"

Ya ciro ƙusa daga aljihu, ya ɗauki dutse, ya huda gindinsu duka biyun. Na yi kuka. Innata ta yi damina guda ba ta amsa gaisuwarshi, tana cewa shi da Allah bai ba haihuwa ba, ina ya san wahalar haɗa kayan ɗiya. Matan gari sunka raɗa mashi Illa mai ƙusa, in sun ji ƙarar mobilet sai kowa ta tura bidonta ƙarƙashin gado. Shina sane. Sai ya yi sallama ya nemi ruwan sha, ya jira ya ga daga ina za a ɗebo. Ni kuwa, sati guda bayan ya huda nawa, ya aiko mani da tulu sabo.

Da ya ga yau, ban san mi za ya ce ba. Zai yi murna da madatsun ruwan da anka yi wajen Keita, shi da ya sha ganin rijiya ta ƙahe a shekarun hwari. Amma yanzu albasa kowa ke yi, maganin ƙwarin kuma a kasuwa a ke auna shi cikin butelin da ba rubutu. Maigidana na wanke pompinshi na heshi dab da rijiyar lambunmu, ɗiyana uku kuma nan su ke wuni, nan su ke sha.

Ranin da ya wuce na lura kwaɗin da ke cikin rijiyar sun ɓace. Ɗiyata ta hwari kuma ta riƙa kukan ciki da ciwon kai in mun dawo da marece. Na hwaɗa ma maigida, ya ce cutar kawuna ta kama ni. Uwar mijina ta ce ruwan da sunka sha tun ban zo duniya ba shi ne yau ya zama guba? Na rasa barci. Ranar kasuwar Madawa na goya ƙaramin, na ce za ni sayen gishiri, na tahi biro, wato ofishin da Kawu ya yi aiki. Ban taɓa shiga biro ba.

Wani saurayi na iske. Ya dubi ruwan da na kawo cikin butelin mai, ya yi dariya, ya ce wannan ba ya aunuwa, shi zai zo da nashi. Na zaci sallamata ya yi. Sai ga shi ya zo. Ya ɗebi ruwa, ya dubi inda a ke wanke pompi, ya yi magana da maigida a gefe, ba gabana ba, kuma na gode mashi da hakan. Kahin amsar awon ruwan ta dawo, kullum da tulu na ke zuwa lambu daga rijiyar gari, mata na yi mani sannu da aikin gwamnati.

Amsar ta ce kada a ƙara sha. Maigida ya kira ƙannenshi sunka gina wata rijiya can sama, wankin pompi kuma ya koma ƙasa bayan shinge. Ciwon kan yarinyar ya tahi.

Kawu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, mobilet ɗin ma ta hukuma ce anka karɓe. Abin da ya bar mani tsoro ne, kuma wasu ranaku nauyinshi na isata. Amma tsoro ne wanda ya san ƙohwar da za ya buga. Allah shi jiƙan ka, Kawu, shi shayar da kai ruwan Alkausara. Jikokinka na nan lambu, suna sha suna watsa ma juna.